Da Sauƙi, In Ji Kowa

Akwai shekarun da teburin sanarwa na gidan rediyon da nake aiki yake hannuna. Duk wanda ya rasu, in dai danginsa suna son a ji, ta gabana yake bi. A nan na gane cewa mutanenmu kusan duka “bayan gajeruwar rashin lafiya” suke rasuwa. Wani na san shi, na san an daɗe ana juya shi a kan tabarma har bayansa ya salluɓe, amma da ya iso teburina sai ciwon ya gajarce. Kuma ban taɓa jin an tambayi mai jinya ya ce jiki ya yi tsanani ba. A wurinmu mara lafiya kullum cikin samun sauƙi yake, safe da yamma, sauƙi a kan sauƙi, har ranar da za a kawo mini sunansa in karanta tsakanin tallar taki da cigiyar akuya.

Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Rabinsa ladabi ne, rabinsa addu’a, kuma ba ya cutar da kowa in dai a zaure ake faɗinsa. Sau ɗaya na ga an shiga da shi ɗakin da bai kamata ba.

Ƙanwata tana aure a wani ƙauye bayan Kurfi. Dangin mijinta Fulani ne da suka daɗe da sakin Fulatanci. Abin da ya rage musu ’yan shanu ne, da dogon hanci, da kunya. Kunyar kuwa sun riƙe ta da hannu biyu, har sun koya wa ƙanwata fiye da yadda muka koya mata a gida. Da ta haifi ɗanta na fari, sai ta zama kamar an ba ta ajiyar maƙwabta. A gaban mutane ba ta kallonsa, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi sai ta jira wani ya ɗaga shi. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce “yaron Hajiya”, wato surukarta, wadda ita kuma take kiransa mijinta, tana yi masa gorin bai ba ta kuɗin cefane ba.

Lokacin ana shirin yaye shi. Bazara ce, irin wadda duwatsun garinmu suke ajiye zafin rana su raba wa mutane bayan magariba. Na zo gida Dutsin-Ma hutun ƙarshen mako, da hantsi sai ga wayarta. Muka gaisa tsaf. Ta tambayi aiki, ta tambayi zafi, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, “Yaya, yaron Hajiya ne ba ya ɗan jin daɗi. Muna asibitin Dutsin-Ma. Amma da sauƙi.”

Tun da aka haifi yaron ba ta taɓa kirana a kan maganarsa ba. Na ɗauki mayafina ban ko tsaya neman ɗan’uwan takalmina na kirki ba.

A harabar asibiti na fara cin karo da mijinta. Yana tsaye ƙarƙashin bishiyar bedi, wato darbejiya, nesa da ɗakin yara, ya harɗe hannu a baya yana nazarin wata babbar mota da ta lalace. Wanda bai sani ba zai ce ya zo duba ɗan maƙwabcin abokinsa ne. Na ce, “Ya mai jiki?”

Ya ce, “Da sauƙi, Yaya,” idonsa a kan tayar motar.

A ciki na sami yaron kwance, wuyansa ya sanƙare ya karkata baya, jikinsa kamar an ciro shi daga murhu, idanunsa a lumshe ba su rufe duka ba. An riga an sa masa ƙarin ruwa a hannu. Hajiya tana zaune a kansa da mafici. Ƙanwata tana can ƙarshen gado a kan tabarma, ta juya gefe tana gyaran bakin zaninta, abin da ya ɗauke ta kusan yini guda. A tsaye kuma, a tsakiyar ɗaki, inda kowa zai yi tuntuɓe da shi, akwai yayan mijin, wanda yaran gidan suke kira Baffa, mu ma muka bi su. Yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma an taɓa tura shi Katsina bitar wayar da kai a kan sankarau. Ya dawo da jaka da hula mai tambari. A ranar ya zo da jakar.

Labarin da na tattara shi ne, yaron ya kwana biyu da zazzaɓi. Mai kemis na ƙauye ya ba da maganin cizon sauro, domin a wurinsa duk zafin jiki sauro ne har sai an tabbatar da akasin haka a maƙabarta. Hajiya ta yi hayaƙi. Da safen nan jijjiga ta kama shi, aka kai shi ƙaramin asibiti a Kurfi, suka yi masa allurar tsayar da jijjiga, suka ce a wuce Dutsin-Ma.

Likitar matashiya ce, Bakatsiniya, mai saurin magana, farar rigarta a kan dogon hijabi. Ta ce tana zargin sankarau ne, kuma ta riga ta fara ba shi maganinsa ta jijiya, ba ta jira komai ba. Amma in ana son a tabbatar, a kuma san irin ƙwayar cutar, sai an ɗebi ruwan baya, wato a sa siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu a tari ’yan ɗigo a kai ɗakin gwaji.

Hajiya ta ajiye mafici. “Ba mai huda mani miji. Ɗan maƙwabciyarmu da aka ɗebe ma ruwan nan, da ƙafarshi ya shigo, washegari aka rufe shi.”

Baffa ya gyara tsayuwa. Tun da ya dawo daga bitar nan yake jiran wannan rana. “Hajiya, wannan shi ake kira jahilci, ki gafarce ni. An yi mamu bayani da majigi. Ruwan da za a ɗiba bai kai cokalin shayi ba, kuma jiki yana mayar da shi.”

“To a ɗebi naka, tun da yana dawowa.”

“Ni ai lafiyata lau.”

“Haka kake gani.”

Ni ina bayan Baffa, duk da ban ji daɗin samun kaina a layi ɗaya da shi ba. Da muryata aka naɗi saƙon da ake sakawa duk bazara, mai cewa iyaye su amince a ɗebi ruwan baya, ba shi da haɗari. Na faɗi hakan a iska sau ba adadi, cikin muryar da ake biyana don in sa mutane su yarda. Na maimaita wa Hajiya a hankali. Ta dube ni ta ce, “Ke ce dai kika ce mamu takin bana zai iso kan lokaci.”

Baffa ya ci gaba. Ya yi bayanin cunkoso a ɗaki, ya yi na buɗe taga, ya yi na rigakafi, ya buɗe jaka ya rufe. Iyayen sauran yaran da ke ɗakin suka samu bita kyauta. A ƙarshe Hajiya ta sallama, ba don ta gamsu ba, don dai kunnenta ya huta. Ta ce, “Ku yi. In ya shanye kai za ka goya shi har ya yi gemu.” Aka aika a kira uban yaron ya ba da izini. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, ya ce duk abin da yayansa ya ce, ya koma wurin motarsa.

Nas ta kawo tire da kayan aiki a rufe da koren ƙyalle. Baffa ya ja da baya kaɗan, fuskarsa irin ta wanda ya gina gada ana shirin yanke kirtani.

Likita ba ta ko kalli tiren ba. Ta shafa madigar yaron, ta ce ta riga ta haɗe. Ta ɗaga fatar idonsa ta haska ’yar tocila, dama, hagu, ta sake komawa dama. Ta riƙe wuyan hannunsa tana kallon agogo. Ta danna farcensa da bayan biro, ya ɗan motsa hannu kamar mai korar ƙuda a mafarki. Daga nan ta tsaya kawai tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ta daɗe, har shirun ya fara yi wa Baffa nauyi.

Ya ce, “Likita, mun fa amince.”

“Na ji, Malam. Na gode.” Ta ɗago. “Yaya jikin nashi tsakanin jiya da yau?”

Muka haɗa baki kamar ’yan makarantar allo, “Da sauƙi.” Har da ni, da ban ga yaron jiya ba.

Hajiya ta ƙara bayani, tun da an zo fagen da ta sani. “Sauƙi kam alhamdu lillahi. Jiya wuni ya yi yana tsala ihu, ko ɗaga shi aka yi sai ka ce an taka mashi wuta. Yau kau kin gan shi, ya samu barci.”

“Barcin nan nake tambaya, Hajiya. Kafin allurar Kurfi ya fara shi, ko bayanta?”

Baffa ya ce, “Bayanta ne, tabbas.”

“Kana wurin?”

“A’a, ni nan na tarbe su. Amma a hankalce…”

“To bari mu ajiye hankali tukuna, mu nemi wanda ya gani.”

Sai ta yi mana bayani, a tsaye, hannunta ɗaya a kan goshin yaron. Na ji likitoci da yawa a ɗakin watsa shirye-shirye suna fama da Hausa kamar masu ɗaukar buhu a kan tsani. Ita ba ta yi wannan wahalar ba. Ta ce ƙoƙon kai ba ya miƙewa, musamman tun da madiga ta rufe. In ciwo ya sa ƙwaƙwalwa ta kumbura, ba ta da wurin zuwa sai ƙofa ɗaya, ta ƙasa, wajen ƙeya, kuma a bakin wannan ƙofar ne abin da ke tafiyar da numfashi yake. Ruwan da ke cikin baya yana tokare da ita daga ƙasa. A yawancin yara ɗibar ruwan ba komai ba ce, kullum ana yi. Amma in matsin da ke cikin kai ya yi yawa, aka rage ruwan ƙasa, kamar an zare tokari ne. Ƙwaƙwalwa za ta iya zamewa ta danne wurin, yaro ya daina numfashi a kan gadon.

Hajiya ta ce, “Uhum,” ta kalli Baffa.

Likita ta ce matsalarta ita ce ba ta da tagar leƙa cikin kai. Na’urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sai an je Katsina, yaron kuma ba ya cikin halin da za a jijjiga shi a mota. Abin da take da shi alamu ne, su kuma sun tsaya mata a tsakiya. Idon dama yana ɗan nawa wajen amsa haske, amma kaɗan ne. Bugun jini bai yi saurin da ya kamata ga mai irin wannan zazzaɓi ba. Sai nauyin barcin. In allurar Kurfi ce ta kwantar da shi, wannan ba abin tsoro ba ne, aikinta ke nan, zai warware. In kuwa tun kafin allurar ya daina sanin inda yake, to kan ne.

“Wa ya kwana da shi?”

Kowa ya san amsar, kuma ba wanda ya ga dacewar a faɗe ta.

Likita ta juya wajen tabarma. “Maman yaro.”

Hajiya ta yi ’yar dariya. “Yo ita me ta sani, likita? Ɗan fari ne fa. Ni za ki tambaya.”

“Ɗakinki ya kwana?”

“A’a, bai bar nono ba.”

“To. Maman yaro, yaya kika ga jikinshi da safen nan?”

Ƙanwata ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta gaya wa bango, a hankali, “Da sauƙi.”

Likita ta ja numfashi. “Shi ke nan. Matso ki kira mani shi, in ga ko zai buɗe ido. Muryarki ya fi sani. Kira sunanshi.”

A nan ne ta taka wurin da ya fi zurfi. Sunan kakansa aka sa wa yaron, marigayi mijin Hajiya. Hajiya ba ta faɗin sunan miji. Baffa ba ya faɗin sunan uba. Ƙanwata kuwa ƙofa biyu aka kulle mata, ga sunan suruki ga na ɗan fari. An yanka rago, an tara jama’a, an raɗa wa yaro suna, kuma a duk gidan babu mai izinin amfani da shi. Hajiya ta gwada nata, “Maigida! Tashi ka ba ni cefane!” Baffa ya tafa hannu a kunnensa. Yaron bai motsa ba.

Likita ta kalli agogon bango. Ta ce, “Malam, a ɗan ba mu wuri, zan duba uwar.” Ban taɓa ganin Baffa ya bar wuri da irin wannan saurin ba, har ya manta jakarsa. “Hajiya, an kira azahar. Akwai famfo a bayan ɗakin nan. Ki yi mashi addu’a mai tsawo, yana buƙata.” Hajiya ta so ta yi gardama, amma ba a gardama da salla a gaban mutane. Ta fita tana waige. Ni aka bari, wataƙila don ni ’yar’uwar uwa ce, wataƙila don an manta da ni.

Likita ta tattare hijabinta ta durƙusa a kan tabarma, gwiwa da gwiwa da ƙanwata.

“Ƙanwata, ni ma ina da ɗan fari, kuma ban faɗin sunanshi gaban uwar mijina. Na san wannan duka. Amma nan ba gaisuwa muke ba. Ga tire can. In kika ce mani da sauƙi, zan yarda da ke, in juya shi in sa allura. In kuma ba sauƙin ba ne, a hannuna zai tafi, kina kallo. Gaya mani abin da kika gani, ba abin da ake cewa ba.”

Ƙanwata ta saki bakin zanin da take gyarawa. Sai ta fara, idonta a ƙasa, muryarta ba ta rawa.

Ta ce tun kafin kiran asuba ya saki nono, ta sa masa a baki bai kama ba. Ta ce ya yi amai ba tare da yunƙuri ba, ya fito da ƙarfi kamar daga bakin buta, har ya taɓa bango. Jiya in ta taɓa shi ihu yake, yau da gari ya waye ta mintsine shi a cinya, ta sake mintsininsa da ƙarfi, bai ko yamutsa fuska ba. Numfashinsa yakan yi gudu, sai ya tsaya, ta sa kunne a ƙirjinsa tana jira, sai ya dawo. Tun jiya da la’asar idonsa ɗaya ya karkata wajen hanci. Hannun dama yana kama zaninta in ta sa masa, na hagu ba ya kamawa.

“Duk wannan kafin jijjigar?”

“Kafin jijjigar. Kafin mota. Allurar nan ba ta sa shi barci ba, likita. A haka muka kai shi.”

Wannan ita ce matar da duk gidan suka shaida ba ta kallon ɗanta.

“Me ya sa ba ki faɗa ba?”

“Hajiya ta ce ya samu barci.”

Likita ta tashi ta koma kan yaron da tocilarta. Ta daɗe a kan idon dama. Ta yafito ni. “Zo ki gani, ’yar rediyo.” Ɗigon baƙin da ke tsakiyar idon hagu yana tsukewa da zarar haske ya taɓa shi. Na dama ya fi shi faɗi, kuma sai ya yi shawara kafin ya motsa. Ta ce ɗazu bambancin bai kai haka ba.

Ta ce wa nas ta mayar da tire. Aka ɗaga kan gadon, aka daidaita kan yaron ya kalli sama, aka sa masa robar iska a hanci, aka sauya ruwan da ke shiga hannunsa, aka ƙara wani magani na rage kumburi. Ta ce za a ci gaba da yi masa maganin sankarau kamar an tabbatar, domin magani ba ya jiran gwaji. Gwajin ne zai jira.

Hajiya ta dawo da carbi a hannu, ta ga babu tire. Fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. “Me na ce? Ai ga shi likitar ma ta dawo hanya. Allah ya yi maki albarka, ɗiyata. Wasu sai jaka.”

Baffa ya shigo neman jakar, ya tarar an rushe masa gada. “Ban gane ba. Bayan mun amince? Likita, a bita an ce mamu duk yaron da ake zargi da sankarau dole a ɗebi ruwa.”

“Gaskiya suka gaya maku. Akwai kuma darasin yaran da ba a ɗiba ma a ranar farko. Bayan abincin rana ake yin shi.”

Wata mai jinya a gadon kusa ta tura mayafi a baki.

Baffa ya ce zai ga babban likita. Ta nuna masa ofishin, har ta gaya masa lokacin da ake samunsa. Sannan ta juya ga Hajiya, wadda ke shirin fara rabon goron nasara.

“Hajiya, ban ce ba zan yi ba. Yau ne ban yi.”

“Ashe ba ki warke ba.”

“Ɗan maƙwabciyarku, ban gan shi ba, ban san abin da ya faru ba. Yawanci sai yaro ya zo gargara ake kawo shi, allura ta zo ƙarshe, ita ake riƙewa da laifi. Wani lokacin kuma an yi ta ne ranar da bai kamata ba. In idon mijinki ya daidaita, numfashi ya zauna, ya san mutane, zan ɗiba.”

Haka aka wayi gari kowa a gidan yana da rabin gaskiya, kuma kowa yana yawo da nasa rabin kamar cikakke.

Ban koma aiki a kan lokaci ba. Na zauna a ɗakin nan ina kallon masu dubiya suna shigowa daga Kurfi, daga Shema, daga ƙauyukan da ban san muna da dangi ba, da kwanon fura da ledar lemo. Kowa ya tsaya a kan yaron da ko haɗiyar yawu ba ya yi sosai, ya ce, “Ya jiki?” a ce masa da sauƙi, ya ce, “Ai ga alama nan,” ya tafi ya kai labari. Na tabbata a ƙauye an yi zaton har ya fara wasan ƙasa.

Likita kuwa ta kafa doka ba tare da ta kira ta doka ba. Duk safiya in ta zo zagaye sai ta samo wa Hajiya aike, ta durƙusa a kan tabarma ta karɓi rahoto daga ƙanwata. Ni ina gefe ina tunanin saƙona na rediyo. Ba ƙarya na faɗa ba. Amma saƙon rabin minti ba shi da wurin “sai dai in”. In ka sa, mai sauraro “sai dai in” kawai zai ji, in ka cire, ka haifi Baffa. Har yau ban san yadda ake rubuta shi daidai ba, kuma waɗanda suke biyan kuɗin saƙon ba su taɓa tambaya ba.

Bayan ’yan kwanaki, da hantsi, ɗakin cike da mata masu dubiya, yaron ya buɗe baki ya tsala ihu. Irin ihun nan mai shiga haƙori. Ya fizge robar hanci, ya yi shure-shure, ya kai wa nas duka.

Hajiya ta miƙe tana salati. “Ciwo ya dawo! Jiki ya tashi! Ku kira likita!” Matan suka hau sallallami. A karo na farko tun da aka kawo shi, babu wanda ya ce da sauƙi.

Likita ta zo ta tsaya a bakin gado tana kallonsa yana ɓarna, kamar mai kallon ruwan farko. Ta haska idanunsa, ya ture tocilar. Ta sa masa yatsa a hannun hagu, ya damƙe ya kai baki. Ba ta aiki Hajiya ko’ina ba a ranar. Ta juya wajen tabarma a gaban kowa ta ce, “Maman yaro, yaya jikinshi?”

Ƙanwata ta buɗe baki. “Da…” Ta tsaya. Ta kalli surukarta, ta kalli matan. Ta ce, “Ya kama nono da asuba, har ya cije ni. Ya yi fitsari ya jiƙa zani. Da na yi mashi magana ya juyo.”

Hajiya ta rufe fuska da mafici. “Yau na ga abin da ya ishe ni. A gabana.”

Kashegari aka dawo da tiren. Nas ta kwantar da shi a gefe, ta naɗe shi gwiwa ga ƙirji, yana ihu kamar ana yanka shi, abin da likita ta ce ya fi mata kowane kiɗa daɗi. Ruwan ya ɗiɗɗigo cikin ’yar kwalba, bai yi garau ba, kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Kafin Hajiya ta gama zagayen carbinta a waje an manna auduga. Gwaji ya nuna sankarau ne, ko da yake magani ya riga ya kashe yawancin shaidu. Baffa ya ɗauki sakamakon kamar takardar yabo da aka rubuto masa shi kaɗai, ya ce, “Me na ce?” Hajiya ta ce ba don ta hana a ranar farko ba da yanzu ana zaman makoki. A duk taron suna ko biki har yau sai sun sake wannan shari’a, kuma ba a taɓa kiran ƙanwata shaida ba.

Yaron bai shanye ba, Baffa bai goya kowa ba. Yana makarantar firamare yanzu, yana bin shanu ranar da babu karatu. Ciwon ya tafi da kunnensa na hagu, likita ta ce sankarau yakan yi haka, ba ruwan allura. A gidan in baƙo ya tambayi kunnen, Hajiya takan ce da sauƙi, uban ya ce da sauƙi, Baffa ya ce da sauƙi sosai, ya ƙara da bayanin yadda kunne yake aiki.

A sallar da ta wuce na je ƙauyen. Wata tsohuwa daga dangi ta kira yaron tana yi masa magana ta gefen hagu, yana ta kallon wani wuri. Ta juya ta tambayi ƙanwata, a tsakar gida, Hajiya tana zaune, “Ya kunnen nashi, da sauƙi dai ko?”

Ƙanwata tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Na hagu ba ya ji, Goggo. Ki koma ta dama.”